Ranar da Aka Yanka Shasin Motar Surukina

Wannan da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, ko da yake bakin da zai faɗe ta da tatsuniya ya saba. A Jidda aka yi ta, a unguwar Nuzla, a shekarun da gari ya fara tashi sama, duk inda ka juya sai yashi da siminti. Ni ban yi karatu ba, ban iya lissafin shekara ba. Abin da na sani, lokacin furfura ta ci rabin kaina, gwiwata ta hagu kuma ta fara yi mini gardama.

A Sudan aka haife ni, a bakin kogi, iyayena suna kan hanyar hajjin da ba su ƙarasa ba sai bayan na yi aure. Maigidana a nan Jidda ya rasu, ya bar ni da 'ya ɗaya mace. Da ta yi aure, mijinta ya ce ba za a bar ni ni kaɗai a ɗakin haya ba. Ya kafa mini ɗakin katako a ƙarshen gidansa, ya juya ƙofar tana kallon bango don kada mu riƙa haɗa ido. Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Uwar mace tana zaune a gidan suruki, tana shan ruwan da ya saya, tana shanya a igiyar da ya ɗaura. Ba na cin abinci a gabansa, ba ya ci a gabana. Ban taɓa kama sunansa ba. Kullum da safe zai zo bayan labulena, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Inna sun tashi lafiya?" Ni kuma daga ciki in ce, "Lafiya lau, an tashi lafiya?" Iyakarta ke nan. Duk wata magana da ta wuce wannan, 'yata ce take ɗaukarta daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Abin da ya riƙe mini mutunci a gidan nan shi ne wurina a Bab Makka. Waina nake toyawa, a gindin wani bango da inuwarsa take daɗewa da safe. 'Yan dako da leburori da masu shagunan yadi su ne masu sayena. Wurin ba na kowa ba ne, ba takarda, ba shaida. Wadda take zama a kai kullum ita ce mai shi, in kuwa kika yi fashi ya yi yawa, kin dawo kin tarar da tandar wata. Da wainar nan nake sayen sabuluna da gorona, nake yi wa jikoki kayan salla, wata rana in aika da nama kicin ɗin 'yata ba tare da na ce komai ba. Muddin ina da wurin, ni baƙuwa ce mai tukunyarta. In babu shi, na zama kaya a kan surukina.

Shi kuwa sana'arsa mota. Wanet muke ce mata a nan, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, irin wadda sababbin zuwa daga Najeriya suke kira a-kori-kura. Fara ce, 'yar Japan. Da ita yake ɗaukar siminti da bulo yana kai wa masu gini, kuma a lokacin aikin yana ci, don har layi ake yi wa masu wanet. Kafin ya tafi wajen siminti, bayan sallar asuba, sai ya kai ni kasuwa. 'Yata ta ɗora tanda da murhu da gawayi da bokitin ƙullu, ni in taka taya in hau baya, in zauna a kan buhu, in juya wa gilashinsa baya. Gaba akwai kujera, babu kowa a kai. Ba a taɓa yi mini tayi ba, ni ma ban taɓa kallonta ba. Yaya za a yi in zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yata, numfashina yana haɗuwa da nasa?

Ana nan, ana nan, gwiwar ta ƙi. Wata rana da hantsi, na gama kasuwa ya zo ɗaukata, na ɗora ƙafa a kan taya, na kama ƙarfen gefe, na yunƙura, sai ƙafar ta maƙale. Ban hau ba, ban sauka ba. Ga ni a rataye, zanena ya ja sama, mutanen Bab Makka suna wucewa. Ni kuwa ba ƙaramar mace ba ce, Allah Ya ba ni jiki tun ina budurwa. Surukina yana zaune a gaba, hannunsa a kan sitiyari, ya kafe ido a kan bangon gabansa. Ba zai iya fitowa ya kama ni ba, ba zai iya nuna ya gani ba. Na hango ƙeyarsa tana tsiyayar gumi. Maƙwabciyata a kasuwa, mai gyaɗa da ƙuli-ƙuli, haifaffiyar Jidda ce mai baki kamar reza, ita ta zo ta sa kafaɗa ta tura ni sama kamar buhun dawa.

"Yalla, Hajiya, bismilla. Wainar nan sayar da ita kike yi ko cinye ta?"

Washegari 'yata ta samo akwatin katako, irin na lemon kwalba, ta ce in riƙa takawa. Na taka shi na 'yan kwanaki, sai ya tsage a ƙarƙashina, da ƙara, a ƙofar gida, surukina yana jin komai. Aka kwashe katakon aka hura wuta da shi.

Bayan wannan sai motar ta ɓace kwana biyu. 'Yata ta ce tana wurin gyara. Da ta dawo, na fito da asuba na tsaya a bayanta, sai na ga kamar ba ita ba. Da, in an buɗe ƙofar baya, bakinta a ƙuguna yake. Yanzu ya sauko kusan cinyata. Gindin motar ya zauna, gabanta ya ɗaga kai, kamar raƙumin da ya fara durƙusawa ta baya. Na juya na ɗora mazaunaina a bakin, na ja ƙafafuna ciki, shi ke nan na hau, ko nishi ban yi ba. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata.

Godiyar ba ta kai ƙarshen layinmu ba. Hanyoyin Nuzla a lokacin ba kwalta, ramuka ne da kwatami. Ramin farko da muka faɗa, sai na ji ƙwam a ƙarƙashina, ƙarfe ya daki ƙarfe, har haƙorana suka haɗu. Rami na biyu, ƙwam. Ƙullu ya fantsalo daga bokiti ya ɓata mini zane. Haka muka tafi har Bab Makka, ko wane rami da amsarsa, mutane suna waiwayowa.

Mai gyaɗa tana zaune tana kallon isowarmu. Ta bari har motar ta tafi, sannan ta gyara zama.

"Hajiya, ke kuwa ba kya tsoron Allah? Kin zaunar da motar bawan Allah."

"Gyara aka yi mata."

"Gyara? Wane gyara ne yake mai da mota gurguwa? Ya sheikha, ni na tura ki ran nan, kafaɗata har yau ba ta dawo daidai ba. Akwati ya gaza, yanzu ƙarfe ma ya ce halas, ya gaji."

Ta yi dariya, masu sayen waina suka taya ta. Ni ma na yi, don ba a fushi da wasa a kasuwa. Amma maganar ta shiga ta zauna. Ina juya waina ina tunani: akwati ya karye a ƙarƙashina, wannan da idona na gani. Mota ta tafi gyara ta dawo a durƙushe. Wato abin da na lalata ya fi ƙarfin masu gyara, sun yi iyakar yinsu sun maido masa da ita haka. Siminti bai zaunar da ita ba duk shekarun nan, sai ni. Yanzu da nake faɗa na san ba hankali a ciki, buhun siminti nawa ne ya fi ni nauyi. Amma mai jin kunya ba ya lissafi.

Da daddare ban iya tambaya ba, sai da rana ta biyu na tare 'yata tana tankaɗe.

"Motar mutumin gidan nan, me ya same ta?"

"Ba komai, Inna. Tsufa ne."

"Tsufa a kwana biyu?"

Ta sunkuyar da kai a kan rariya. "Haka ya ce."

Ashe ya hana ta faɗa mini. Ni kuwa sunkuyar da kan nan na ɗauka tana rufa mini asiri ne, kada in ji ciwo.

Na rage cin abinci. Tuwon dare na daina, na ce ƙwannafi yake sa ni. In mun hau hanya sai in dafa gefen mota da hannu biyu, in ɗan ɗaga jikina in mun kusa rami, wai ko nauyin zai ragu. Ƙwam ɗin bai ragu ba. Na matsa can gaba kusa da gilashi, na matsa gefe, na zauna a tsugune har gwiwar ta kumbura. Ƙwam. Ko wace ƙara ji nake kamar ana shela a Nuzla cewa ga matar da take zaune a gidan surukinta, ta ci abincinsa har ta karya masa abin neman abinci. Sannan na lura ya daina dawowa da farar ƙura a gira da gashin baki. Wata rana na ga igiyoyi da tsummoki a bayan motar maimakon ɓurɓushin siminti. Ban tambaya ba, na riga na ba kaina amsa.

Sai na yanke shawara ni kaɗai. Na ce wa 'yata ta gaya wa mutumin gidan ya riƙa kai kayana kawai, ni zan riƙa tafiya da ƙafa, wai wata mai magani ta ce tafiya ce maganin gwiwa. Ta tafi ta dawo ta ce ya ce Inna su yi haƙuri, hanyar da nisa. Na ce a gaya masa na gode, na riga na yi niyya.

Daga Nuzla zuwa Bab Makka, ga mai ƙafa biyu ma tafiya ce. Nakan fita tun kafin a kira salla, in yi sallata a hanya a gindin wani bango, in ci gaba ina jan ƙafa. Zafin Jidda ba ya jiran rana ta fito, tun da duhu iska take manne wa mutum a jiki kamar jiƙaƙƙen zane. Kafin in isa, rana ta ɗaga, leburori sun karya da ful, dafaffen waken nan na Larabawa, da burodi sun watse. Kayana suna jibge a gindin bango, ƙullu ya yi tsami ya kumbura har ya ɗaga murfi. In hura wuta in toya wa 'yan tsirarun da suka rage, saura in juye wa almajiran masallaci da kuliyoyi.

A cikin makon nan sai na tarar da wata mata, sabuwar zuwa, ta kafa kaskon ƙosai a gefen inuwata. Ta gaishe ni da ladabi. Kashegari kaskon ya matso. Ranar da ta biyo baya kayana ne a rana, ita a inuwa.

Mai gyaɗa ta daina dariya. Ta ce, "Ke 'yar Sudan, me yake damunki? Ni wasa na yi miki. Na yi ta korar matar nan, amma ba zan iya tsare wuri biyu da gindi ɗaya ba. In kika ƙara mako a haka, wallahi wurin ya tafi."

Na ce, "Allah Ya fi mu sani."

"Allah Ya fi mu sani, amma mota tana zuwa ba kowa a ciki."

Ranar Alhamis na dawo gida da azahar, ƙafata ta yi kamar turmi, na tarar ba mota a ƙofa, 'yata tana zaune a dokin ƙofar ɗakina ido ya yi ja. Na ce lafiya? Ta ce ya kai motar warsha, wato wurin masu gyara, yau za a yanka ta.

"A yanka ta? A sayar da ƙarfen?"

"A'a, Inna. Za a yanka mata ƙashin baya. Ya ce ƙarar ce take damunku, shi ya sa kuka daina hawa."

Ban zauna ba. Na maida mayafina, na ce ta nuna mini hanya. Ta ce ita ba za ta je ba, zai ce ta tona. Ta kwatanta mini, can wajen Waziriyya, bayan masu sayar da tsofaffin tayoyi. Na tare motar haya na shiga, ban ma tsaya ciniki ba. Abin da yake raina ɗaya ne, in je in ji daga bakin mai gyara abin da na karya, in ce a bar motar haka, ni na haƙura da kasuwa.

Mai warshar na san shi, yana cikin masu cin wainata. Dattijo ne mai walda, a Jidda aka haife shi, amma ubansa Bazazzagi ne, ni kuwa ubana Bakano, don haka ba ma haɗuwa sai da tsiya. Na same shi ya ɗaga baƙin gilashi a goshi. Motar tana kan duwatsun katako, an cire tayoyin baya, an sauke akwatin kayan gaba ɗaya an jingine a bango. Ban taɓa ganin mota tsirara ba sai ran nan. Dogayen ƙarafa biyu ne suka taho daga gaba har baya, kamar haƙarƙarin gado, su ake ce wa shasi. A ƙarƙashinsu wata sandar ƙarfe ta gitta, mai ƙullutu a tsakiya kamar tulu, ita take riƙe tayoyin baya.

"A'a, Bakanuwa. Yau waina ce ta biyo ni har warsha?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Tsakaninka da Allah, ni na karya motar nan?"

Ya dube ni. Ya dubi motar. Sai ya fashe da dariya har ya dafa gwiwa.

"Ke? Ke kika karya ta? Kanawa da son girma. Zo ki gani."

Ya ja ni gefen bango, ya nuna mini wasu faffaɗan ƙarafa masu lanƙwasa, a jingine, sun fara tsatsa.

"Waɗannan susta ne, su suke ɗaga mota, su suke ɗaukar nauyi. A jere suke kamar ganyen littafi. Mai motar ya zo ya ce in zare masa wasu daga kowane gefe, in kuma sa mata dunƙulen ƙarfe ta ƙara sauka. Na ce masa, ya akhi, wannan motar siminti ce, in na zare ba za ta ƙara ɗaukar rabin abin da take ɗauka ba. Ya ce zare. Na ce don me? Ya ce akwai mai hawa da ƙafarta ba ta kai ba. Ban san ke ba ce, da na ce ya saya miki tsani."

Na ji fuskata ta yi zafi kamar na sunkuya a kan tanda.

Ya koma wurin motar, ya sa yatsunsa tsakanin sandar nan da shasi. Yatsu biyu ne suka shiga da ƙyar.

"Kin gani? Da, hannuna gaba ɗaya yana shiga nan. Da ta sauka, sai sandar ta matso. Kuna faɗawa rami, ta tashi ta daki shasi. Ko kaza ce a baya sai ta yi ƙara. Maganin mai sauƙi ne, a maida susta, mota ta tashi, halas, an gama. Ya ce a'a. To saura ɗaya, a yanke shasin ta ƙasa, a yi masa rami kamar rabin wata daidai kan sandar, ta sami wurin tashi. In saka rabin bututu mai kauri a ciki, in ɗaure da farantin ƙarfe ciki da waje, in yi walda. Ƙara za ta tafi. Amma abin da aka yanka an yanka, ni ba zan ce masa ya ƙara ɗora mata bulo ba."

Sai a lokacin na ga gefen dama. An riga an yanka. Gutsuren ƙarfen yana ƙasa, bakinsa ya yi shuɗi, har yanzu yana ɗan hayaƙi. Gefen hagu kuma an zana masa rabin wata da alli.

Sai a lokacin kuma na ga ƙafafu. A ɗaya gefen motar, bayan kan direba, wani yana durƙushe, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe, ƙafarsa tsirara a kan ƙasa mai baƙin mai da ɓurɓushin ƙarfe. Tun shigowata yake nan. Duk abin da aka faɗa ya ji. Na ja mayafi na rufe fuskata, na juya wa motar baya.

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Inna sun zo lafiya?"

"Lafiya lau."

Mai walda ya dubi nan, ya dubi can.

Na ce da mai walda, "Ka gaya wa mai motar, a maida ƙarafan nan inda aka ciro su."

Mai walda ya ɗaga murya, alhali tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. "Ka ji, an ce a maida susta."

"A gaya wa Inna an riga an yanka gefe ɗaya."

"An ce an riga an yanka."

"Ka tambaye shi, wanda aka yanka ba ya toshewa?"

Mai walda ya sauke hannu. "Wannan ni za a tambaya, ba shi ba. Yana toshewa. Gefe ɗaya ne, in maida gutsuren, in ɗaure da faranti, in maida susta. Ba za ta koma kamar sabuwa ba, amma za ta ɗauki siminti. In na yanka na biyu kuwa, magana ta ƙare."

"To ka gaya masa a toshe."

"A gaya wa Inna, in an toshe, da me za su riƙa zuwa kasuwa?"

"Ka ce masa ƙafa."

"A gaya wa Inna an ce wata ta kafa kasko a wurinsu."

Ashe ya sani. Kullum shi yake sauke kayana, ya ga kaskon yana matsowa.

Mai walda ya cire gilashin daga goshi ya jefa a kan benci. "Ya jama'a, ni mai walda ne ko ɗan aike? Ga ku ga juna. Gas ɗina yana ƙarewa, la'asar tana matsowa. Ni a ganina ma duk wannan wahala ce. Ga kujera a gaba, ƙasa-ƙasa, da matakala, ko jaririya ta hau. Bakanuwa ta shiga gaba mana, a ɗaga mota, kowa ya huta. Larabawan nan ba ga su nan ba, suruka a gaba tana ba direba umarni?"

Can sai muryar ta sake fitowa daga bayan motar, a hankali, kamar mai taka ƙaya.

"In Inna za su shiga gaba, sai a toshe."

Shekara da shekaru muna gida ɗaya, wannan ce magana mafi nauyi da ya taɓa yi mini. Na san abin da ta ci masa kafin ta fito. Na kuma san abin da ake jira in ce. Kalma ɗaya ce, to. In na faɗe ta, motarsa ta tashi, ya koma layin siminti.

Na buɗe baki. Na hango kaina a kujerar nan, gwiwata kusa da hannunsa in zai canja giya, warin man waina a jikina ya cika masa hanci, matan Nuzla suna leƙe ta katanga, 'yan Sudan ɗinmu suna cewa wance ta zubar da kunya a Jidda. Uwata ta yi tafiyar shekaru daga Kano zuwa bakin kogi ba ta taɓa shan ruwa a gaban mijin yayata ba. Na tsaya ina kallon ƙarafan da suke jingine a bango. Na ji mai walda yana jan numfashi. Na ji wata mota ta wuce a waje. Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Shi ya ɗauke mini. Ya ce, ba da ni ba, da mai walda, "Mu'allim, yanka."

Mai walda ya girgiza kai, ya ɗauki gilashinsa. "Ku Hausawan da, sai Allah. Hajiya, matsa baya, kada tartsatsi ya ci miki mayafi."

Ya kunna wutar, ta yi shuɗi tana huci. Ban iya kallo ba, ban kuma iya tafiya ba, don tafiya a lokacin kamar raini ne. Na tsaya da bayana gare su, ina ganin hasken yana rawa a bango, ina jin ƙaurin ƙarfe, har gutsure na biyu ya faɗi ƙasa. Sannan na ce a gaya wa mai motar na tafi gida. Aka ce a gaya wa Inna su sauka lafiya.

Ranar Asabar da asuba motar tana ƙofa. Na zauna a bakinta na ja ƙafa. Muka bi layinmu, tana lilo a hankali kamar jirgin ruwa, ba abin da ya daki wani. Hanyarmu takan bi ta gaban wani fili inda masu wanet suke layin siminti. Abokan aikinsa suna nan, suna shan shayi a kan motocinsu. Ɗaya ya ɗaga hannu ya kira shi, "Ina mai amarya, yau ma katifa za a ɗauka?" Suka yi dariya. Surukina ya danna musu ham ya wuce. Ni ina baya a zaune, a fili, ba inda zan ɓuya. Na sunkuya ina gyara murfin bokiti wanda ba abin da ya same shi.

Mun isa kafin mai ƙosai. Ya sauke tanda da murhu a cikin inuwar, daidai inda suke zama, ya koma mota bai waiwayo ba. Da ta zo ta tarar da wutata ta kama, ta gaishe ni, ta ɗauki kaskonta ta koma can ƙasa kusa da masu yadi. Mai gyaɗa ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskata, ta miƙo mini goro.

Bai ƙara ɗaukar siminti ba. Katifu ya koma ɗauka, da kujeru, da akwatunan alhazai in lokacin hajji ya zo, da kayan masu tashi daga wannan gidan haya zuwa wancan. Abokansa na layi wasu sun sayi manyan motoci, wasu sun gina gidan bulo. Mu muna gidan katako har jikokina suka girma. Bai taɓa ɗaga maganar ba, 'yata ma haka. Ni kuma na zauna a gindin bangon nan na Bab Makka, ina toya waina, har ranar da gwiwa ta biyu ta bi 'yar'uwarta.